KAREN GARKE DA TAFIYAR MAIGIDA: DON ME YAKE KUKA, KUMA INA MAGANI?

 

A wannan fitowa za mu taɓo wata magana wadda muka san wasu za su yi dariya da jin ta, su ce, "Yau kuma takardar fataken shanu ce ta koma zancen kare?" To a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin kuwa zancen na shanu ne. Duk wanda ya taɓa barin garke a mashekari ya tafi kasuwa kwana biyar ko mako guda, ya san cewa bayan Allah, abin da ke tsakanin dukiyarsa da kura ko ɓarawo shi ne yaron da ya bari da kuma karen da ke kwana a bakin garke.

ABIN DA YA JAWO MAGANAR

Wani ɗan'uwanmu a wani ƙauye kusa da Sinnar yana da kare wanda ya raina da hannunsa tun yana kwikwiyo. Shi ke ba shi abinci, da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa mashaya, idan ya shiga masallaci karen na can nesa yana jiransa. Kowa yana yaba masa, ana cewa ba a taɓa ganin kare mai biyayya irin wannan ba. Wata rana, kafin yaƙi, ya yi lodin shanu zuwa kasuwar Muwailih ta Umdurman, tafiyar wajen kilomita 300. Don kada karen ya bi shi, sai ya ɗaure shi a gindin bagaruwa kusa da garke, ya bar wa ɗansa tsaro.

Da ya dawo ya tarar babu kare, babu maraƙi ɗaya. Ya ce wa yaron, "Kai, yaya aka yi haka?" Yaron ya ce, "Wallahi Baba, tun da motarku ta tashi yake kuka. Na ba shi asida ya ƙi ci, ruwa ma ƙyar ya sha. Da magariba ya cinye igiyar ya bi hanyar mota. Daren nan kura ta shigo." Sai bayan kwana huɗu aka tsinci karen a bakin titi, ƙafafu duk sun fashe.

Wasu suka ce karen banza ne, wasu suka ce ya haukace ne a kashe shi. Mu kuwa muna ganin ba ko ɗaya. Karen ya shaƙu da mutum ɗaya ne, bai shaƙu da garke ba. Wannan ita ce maganar da muke son mu fayyace.

MENE NE KE DAMUN KAREN?

Mu masu shanu ai ba baƙin wannan abu ba ne. Kowa ya san yadda saniya ke yi idan aka raba ta da maraƙinta, ta kwana tana kuka, ta ƙi kiwo. Kowa ya san shanunmu irin su Kenana da Butana da jajayen shanun Mbororo, galibi ba sa sakin nono sosai sai an kawo maraƙi ya fara tsotsa. Kuma duk ɗan kore ya san sa ɗaya da aka ware daga garke ya fi shanu goma wuyar kora, yana waiwaye, yana neman komawa, ya isa kara ya rame. Dabbar da Allah Ya halitta don zaman taro, kaɗaici yana firgita ta.

To haka kare yake, sai dai shi garkensa mutane ne ko dabbobin da ya tashi a cikinsu. A shekarar 1998 wasu masana a birnin Budafes na ƙasar Hangari, a ƙarƙashin József Topál, sun yi wa karnuka irin gwajin da ake yi wa ƙananan yara da iyayensu mata. Akan sa kare da maigidansa a ɗakin da bai sani ba, baƙo ya shigo, maigida ya fita, sannan ya dawo. Sun ga kare yana sakin jiki ya yi wasa muddin maigidansa na nan, da ya fita sai ya je ya tsaya bakin ƙofa, ko da kuwa baƙon na zaune tare da shi. Wato kare yana jingina da mutum kamar yadda yaro ke jingina da uwarsa.

A wajen yawancin karnuka abin ba ya wuce ɗan kuka na ɗan lokaci, sai su kwanta. Amma a wajen wasu yakan zama firgici na gaske, wanda likitocin dabbobi suka san shi, suke kuma lissafa shi cikin cututtukan hali. Mu a nan za mu kira shi firgicin rabuwa. Karen da ke cikinsa ba fushi yake yi ba, ba kuma ramuwa yake yi ba. Tsoro ne kawai.

YADDA ZA A GANE SHI

Alamomin sukan fara ne tun kafin maigida ya fita. Da ka ɗauki sanda da jaka, ka naɗa rawani, ko ya ji ƙarar lori a bakin gari, sai ka ga yana kai da kawo, yana haki, yana manne maka a ƙafa. Bayan ka tafi, abin ya fi tsanani a cikin rabin sa'ar farko: kuka mai tsawo ba haushin ganin baƙo ba, cizon igiya ko sarƙa, tonon ƙasa a gindin danga ko ƙofa, dalalar da miyau, fitsari da kashi a inda yake kwana, ƙin abinci, da neman hanyar gudu ko ta halin ƙaƙa. Wani har haƙori yake karyawa a jikin sarƙa. Idan ka dawo kuwa sai murna ta wuce kima, sannan ya ci, ya sha, ya koma kamar ba shi ba.

Babbar shaida ita ce wannan: duk abin nan ba ya faruwa sai idan mutumin nan ɗaya ba ya nan. Saboda haka a tambayi mutanen gida da makiyayi, su ne suke gani.

KADA A HAƊA SHI DA HAUKAN KARE

A nan sai a yi hattara sosai, domin kuskure ta kowane ɓangare yana da tsada. Ciwon haukan kare, wanda Larabawan nan ke kira sa'ar, yana nan a ƙasar nan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara a duniya, kusan dukkansu ta cizon kare. Da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai a tsira.

Bambancin shi ne, kare mai firgicin rabuwa yana gane mutanensa, kuma yana warwarewa da ganin maigida. Mahaukacin kare kuwa ba ruwansa da ko wane ne ya dawo. Halinsa yakan canja farat ɗaya, ya ciji dutse da icce da duk abin da ya gifta, muryarsa ta canja, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya, ƙafafun baya su mutu, kuma yakan mutu a cikin kwana goma da bayyanar ciwon. Idan ana shakka, a killace shi inda ba zai kai ga kowa ba, a riƙa miƙa masa ruwa da abinci daga nesa, a kira ma'aikacin dabbobi. Wanda aka ciza ko aka yaga, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar don allura, kada a tsaya jiran ganin yadda karen zai ƙare.

Mu tuna kuma karen da ya tsinke ya bi hanya yana gamuwa da karnukan da ba su da mai su, ya dawo da cizo a jikinsa, ya shiga cikin shanu da yara. Saniya ma tana kamuwa. Idan ka ga tana kuka ba tsayawa, tana dalala kamar wani abu ya maƙale mata, kada ka sa hannu a bakinta. Allurar rigakafi ana yi wa kwikwiyo tun yana wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya ce.

ABUBUWAN DA KE HADDASA SHI

Na farko, raba kwikwiyo da uwarsa da wuri. Yaranmu sukan ɗauko shi idonsa bai daɗe da buɗewa ba. Kamata ya yi a bar shi da uwarsa da 'yan'uwansa har ya cika mako takwas.

Na biyu, mutum ɗaya ya zama shi ne komai nasa, kamar yadda ya faru da ɗan'uwan namu. Hausawa suka ce sabo turken wawa.

Na uku, canjin hannu ko canjin wuri. Karen da aka sayar da garken da ya tashi a ciki aka bar shi, ko aka ba da shi ga wani, yakan kama sabon maigida kam, kamar mai tsoron kada a sake barinsa.

Na huɗu shi ne wanda ya fi yawa a 'yan shekarun nan. Iyayenmu da kakanninmu sun zauna a wannan yanki tun lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya sauka bakin kogi bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma suka zo aikin auduga bayan an gama dam ɗin Sinnar a 1925, amma ba kasafai aka ga tashin jama'a irin na kwanan nan ba. Rikicin Damazin da Rusairis na watan Yulin 2022 ya tayar da gidaje masu yawa. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, ya iso Sinja a tsakiyar 2024. Mutane sun fita da abin da ke jikinsu, an kore shanu, karnuka suka rage a kangon gidaje cikin ƙarar harbi da yunwa. Wanda Allah Ya sa ya koma gida ya tarar da karensa da rai, kada ya yi mamaki idan ya ga ba ya yarda ya ɓace masa da gani, ko tsawa kaɗan ta sa shi makyarkyata. Irin wannan kare haƙuri yake bukata, kuma yana iya komawa aikinsa.

RIGAKAFI: A ƊAURA ZUCIYARSA GA GARKE

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga mako uku zuwa wajen mako 12 na rayuwarsa ne kwikwiyo ke koyon su wa ne danginsa. Abin da ya saba da shi a wannan lokaci, shi zai nema har tsufansa.

Makiyayan tumaki na Turkiyya da Italiya sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke renon kwikwiyo a cikin tumaki. Tun ƙarshen shekarun 1970 wasu masana biyu a Amurka, Raymond Coppinger da matarsa Lorna, suka kai irin waɗannan karnuka suka rarraba wa makiyayan can, suka kuma nuna cewa renon farko shi ne ginshiƙin aikin. A nan Afirka ma, tun 1994 ake ba makiyayan Namibiya kwikwiyoyin irin na Turkiyya, a sa su cikin awaki tun suna ƙanana, su girma suna korar namun daji. Mu ba sai mun nemo kare daga wata ƙasa ba. Dabarar ce abin ɗauka, ga ta kamar haka:

1. Idan ya cika mako takwas, a kai shi ya kwana kusa da dangwalin maruƙa, ba a zaure ko ƙofar ɗaki ba. A yi masa 'yar mafaka ta ƙaya ko itace wadda zai shige, don kada babbar saniya ta tattake shi ko ta soke shi.

2. A garke za a riƙa ba shi abinci da ruwa, kullum a wuri ɗaya.

3. Mutum uku ko huɗu su riƙa karɓa-karɓa wajen ba shi abinci: maigida, makiyayi, da yaran gida. Ya san muryar kowa, ya amsa kiran kowa.

4. Kada a bar shi yana bin mutum kasuwa ko majalisa. Idan ya biyo, a mai da shi garke ba tare da duka ba, ko sau nawa ne.

5. A hana yara maishe shi abin wasa su yi ta yawo da shi cikin gari. Amma a riƙa taɓa shi, a duba kunnensa da ƙafarsa, don ya yarda a kama shi ranar allura.

Karen da ya tashi haka, idan lori ta tafi da maigida, danginsa suna nan a garke, ba shi da dalilin bin hanya.

IDAN KAREN YA RIGA YA GIRMA FA?

Ba a makara ba, sai dai aikin ya fi tsawo, yakan ɗauki makonni, wani ma watanni. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A fara tun kafin lokacin da za a yi lodi, kada a bari sai daren tafiya.

Da farko maigida ya janye hannunsa daga ciyarwa. Wanda za a bar wa garke shi zai riƙa ba da abinci, shi zai fita da shi kiwo, shi zai kira shi da yamma.

Sannan a koya masa cewa fita ba ɓata ba ce. Makiyayi ya riƙe shi a garke, ya ba shi abin ci, kai kuma ka ɓace bayan danga minti ɗaya ko biyu, ka dawo tun bai fara kuka ba. Gobe ka ƙara kaɗan, jibi ka ƙara, har ya kai tsawon zuwa masallaci a dawo, har wuni guda. Idan ka ga ya firgita, ka yi sauri ke nan, sai ka koma tsawon da ya iya jurewa. Sirrin abin shi ne ka dawo yana cikin natsuwa, don ya koyi cewa zaman shiru ba ya kawo masa wata cuta.

Haka kuma a ɓata masa lissafin alamun tafiya. Wani lokaci ka ɗauki sanda da jaka, ka sa takalmi, sannan ka zauna ka sha shayi ba ka je ko'ina ba. In an yi ta haka, sai ganin jaka ya daina tayar masa da hankali.

Ranar tafiya, makiyayi ya fita da shi kiwo tun da asuba ya gaji, a yi lodi ba a gabansa ba. A bar masa tsohuwar rigarka ko buhun da kake zama a kai, domin warin maigida yana kwantar wa wasu da hankali. A ba shi babban ɗanyen ƙashi wanda ba zai iya haɗiyewa ba ya yi ta gwagwiya. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Kada kuma a ba shi ɗanyen huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa daga mahauta, domin ta nan tsutsa ke shiga kare, ƙwayayenta su fita a kashinsa su koma cikin dabbobi da mutane. Fita da dawowa duk a yi su ba hayaniya. Idan ka dawo, bari ya natsu tukuna sannan ka shafa shi.

ABUBUWA UKU DA MUKE ROƘO A BARI

Duka. Idan ka dawo ka tarar ya yi ɓarna ka ɗau sanda, shi bai san dukan na igiyar da ya ci shekaranjiya ba ne. Abin da ya koya shi ne dawowarka ma abin tsoro ce, sai firgici ya zama biyu.

Ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a tafi. Mun san zafin Afrilu da Mayu a Jazira, yana haura digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake shan iska, ga shi firgici na ƙara masa hakin. Inuwar safe kuma ba ita ce ta azahar ba. Sarƙa takan naɗe a turke, kaskon ruwa ya kife, a dawo a tarar da gawa. In dole sai an tsare shi, a yi masa shinge mai faɗi a inuwa inda yake ganin maruƙa, a binne kaskon ruwa rabi a ƙasa, a sa wanda zai riƙa leƙa shi.

Ba shi ƙwayar mutane don ya yi barci. Wasu magungunan ciwon jiki da muke sha guba ne ga kare. Gaskiya akwai maganin wannan firgici na likita, a Amurka ma an amince da wani mai suna fluoxetine don karnuka tun 2007, amma likitan dabbobi ne ke rubuta shi gwargwadon nauyin kare, kuma tare da horon da muka bayyana ake ba da shi.

HAƘƘI NE A KANMU

Malamanmu sun karantar da mu cewa an halatta riƙe kare don tsaron dabbobi, da gona, da farauta. Sun kuma karantar da mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga azaba saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha. To wanda ya ajiye kare yana yi masa gadi dare da rana, ya ɗau nauyinsa ke nan, ko yana gida ko yana kara.

Ɗan'uwan nan namu bai kashe karensa ba. Ya bar wa ɗansa ciyarwa, ya mai da makwancinsa gindin dangwali, ya yi ta yi masa gajerun fita har damina ta wuce. Da ya sake yin lodi, karen ya raka shi bakin danga, ya yi ɗan kuka, ya juya ya koma wajen maruƙa.

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wa waɗanda ba su iya karatun boko ba wannan bayani a zaman ranar kasuwa, musamman makiyaya da yaran da ake bar wa garke. Wanda kuma yake da wata dabara da ya gada ko ya gwada ta yi masa aiki, ya aiko mana mu buga don kowa ya amfana.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu, Ya tsare mana dukiyarmu, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.